Bajamushiyar Gardole

Abdulgani ya yi rantsuwa a gaban mai shayi cewa kafin damina ta sauka, babu Asabar ɗin da za ta wuce ba a ji sunansa a rediyo ba. Ya faɗa da Hausa, ya maimaita da Larabci saboda masu wucewa, sannan ya ɗan yayyafa Faransanci don abokin hamayyarsa Boubacar ya ji haushi. Mu da ke zaune a majalisar muka ci gaba da kurɓar shayinmu, don mun saba. Mutumin da ya taɓa ce mana kunnensa yana bambance kaset ɗin Faris da na Jamus tun yana cikin kwali, me kuma ya rage bai faɗa ba?

A shekarun nan, farkon dubu biyu, wata cuta ce ta kama majalisarmu ta unguwar Gardole a Injamena, cutar kiɗan Turai. Ba irin wanda ake ji a kowace taksi ba, wannan ai na kowa ne. Namu shi ne na ƙananan ƙungiyoyi waɗanda ba su da kamfani a bayansu, da kiɗan inji da ake kira tekno, mai duf-duf ɗin nan da ke sa kofin shayi rawa a kan tebur. Dokar majalisa ɗaya ce: wanda ya kawo kiɗan da ba wanda ya taɓa ji, shi ne gwani ran nan. In ka kunna wani ya ce "na san shi", to ka naɗe kaset ɗinka ka yi shiru. Kuma kiɗa ba ya zuwa shi kaɗai, sai da labarin masu shi: wa ya bar ƙungiya, wa ya mari wa, wa ya sayar da jitarsa.

Boubacar ɗan Yamai ne, wansa yana Liyon can Turai, yana aiko masa da faifai da mujallu. Shi kuwa Abdulgani, duk danginsa ba wanda ya wuce Kusseri da ke nan tsallaken kogi. Abin da ya mallaka shi ne tsohuwar rakoda mai baki ɗaya, sai kuma nasa bakin, wanda ba ya bukatar batir.

Ana nan sai Alhaji Abdussamad, dillalin shanu na unguwar Farsha, ya ce zai buɗe ƙaramin gidan rediyo, kuma zai ba matasa awa guda duk Asabar. Ya ji labarin majalisarmu, ya zo da kansa ya tsaya a bakin benci. Ya ce ranar buɗewa, Boubacar da Abdulgani kowa ya kawo kiɗansa da labarinsa a gaban jama'a, wanda ya fi burge mutane shi za a miƙa wa makirfo.

Ko ƙurar motar Alhaji ba ta kwanta ba Abdulgani ya miƙe ya nufi shagon kawunsa Waliyyullahi, inda yake tsaron robobi da bahuna. Ya dire mukulli a kan kanta.

"Kawu, ka nemi wani. Ni rediyo ta kira ni."

Kawu ya dubi mukullin, ya dube shi. "An ba ka aikin ne?"

"Saura a sanar."

"To, Allah ya sa a sanar," in ji Kawu, ya ci gaba da jera bokitai.

A gidan Gwaggo Hansai yake zaune, ƙanwar mahaifinsa, wadda ta rene shi. Mai fura ce, duk Gardole an san ƙwaryarta, an kuma san bakinta. Washegari da hantsi ba wuta a unguwa, kamar yadda aka saba. Abdulgani ya ɗauko batiran da ya zare tun dare daga tocilan ɗin Gwaggo, waɗanda dama sun kusa mutuwa, ya cusa a rakodarsa, ya zauna a bakin ƙofar ɗaki zai gwada muryar mai gabatarwa. Ya danna jan maɓalli, ya gyara murya, sai ga Gwaggo ta dawo daga shagon Kawu da labarin ya bar aiki a kunnenta. Ba ta ko cire mayafi ba ta ɗauki taɓarya. Ita da Ramatou mai taya ta daka suka shiga lugude a turmi ɗaya, wannan ta ɗaga wannan ta sauke, injin niƙan maƙwabta yana gurnani ta bayan katanga, Gwaggo kuwa tana daka tana wanke Abdulgani tas, daga haihuwarsa har zuwa safiyar ran nan. Ya sunkuyar da kai ya sha abinsa. Ya manta sam rakoda tana ɗauka.

Da yamma an kawo wuta. Ya zo majalisa yana taƙama, ya jona rakodar a soket ɗin mai shayi, wai mu ji muryar da za ta riƙa tashe mu duk Asabar. Ya danna.

Abin da ya fito ba muryarsa ba ce. Wani duf-duf-duf ne mai sauri, ba tsayawa, a ƙarƙashinsa wani zuuu mai kaɗa ƙirji, a samansa kuma wata siririyar murya kamar ta sauro tana zuba wani yare da ba mu taɓa ji ba. Abin da ya faru kuwa shi ne, raunanan batiran nan sun ja zaren kaset a hankali lokacin ɗauka, yanzu da ya samu cikakkiyar wuta sai ya zura da gudu. Taɓaren biyu suka zama ganguna, injin niƙa ya zama kiɗan ƙasa, Gwaggo Hansai ta zama abin da ta zama.

Na ga fuskar Abdulgani lokacin da ya gane. Hannunsa ya tafi wajen maɓalli. Sai idonsa ya faɗa kan ƙafar Boubacar, ya ga tana buga ƙasa.

"Wanga fa na su wa ne?" in ji Boubacar, murya ƙasa-ƙasa.

Abdulgani ya janye hannunsa a hankali, ya jingina da bango, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Au, ba ka san su ba? Ina ce wanka yana Turai."

"Mi ne sunansu?"

"Kalta Motoran. 'Yan Hambug ne." Daga ina ya tono sunan, Allah kaɗai ya sani. "Wadda ke waƙar sunanta Birgita. Masu gangar tagwaye ne, ba sa ga maciji da juna, shi ya sa ka ji in wannan ya buga wancan sai ya rama."

"Mi take cewa?"

"Ai Jamusanci ne mai zurfi. Nan wurin da muryarta ke tashi, cewa take: ƙaunarka ta hana ni barci a cikin jirgin ƙasa."

Wani daga ƙarshen benci ya ce a maimaita. Aka maimaita har shayi ya huce.

Daga ran nan bakin Abdulgani bai sake rufuwa ba. Kaset ɗin yana aljihun ƙirjinsa, ko wanka zai shiga sai ya rataye rigar inda idonsa ke kai. In ka roƙe shi ya kwafa maka sai ya ce Birgita ta hana, ita ba ta yarda da kasuwanci ba. Ba ya kunnawa sai a wuta ko da sabon batir fil, wai kiɗan Jamus ba ya son ƙazanta. Labarai kuwa kullum da sabo. Birgita yarinya ce 'yar siririya mai jan gashi. Birgita aurenta uku, duk ita ta kori mazan. Birgita ta kwana a gidan yari saboda ta fasa wa ɗan sanda kai da jita. Birgita tana zuƙar taba kamar salansar tsohuwar babbar mota. Ranar da ya ga mun fara hamma sai ya sassauta murya ya ce, akwai wani Ba'afirke da ta mato a kansa, ba zai faɗi suna ba, amma tana yawan tambayar yadda zafin Injamena yake.

Boubacar ya aika wa wansa tambaya. Amsa ta dawo cewa an bincika duk shagunan faifai na Liyon, ba wanda ya taɓa jin wata Kalta Motoran.

"Ka gani ko?" in ji Abdulgani. "Abin da nake faɗa muku ke nan. Ko a Jamus ɗin ma ba kowa ya san su ba. Kai wanka kiɗan kanti yake saye."

Boubacar ya haɗiye, amma bai haƙura ba. Ya lallaɓa wajen Alhaji ya ce, tunda Abdulgani da Birgita ƙut-da-ƙut ne, ai ya kamata ranar buɗewa a ji sabuwar waƙarta, wadda ba a taɓa ji ba. Alhaji ya ce wannan magana ce. Da saƙon ya iso majalisa, Abdulgani ya buga ƙirji ya ce sabuwa ɗaya kawai? Ai ya ɗauka kundi guda za a ce. Ya tashi ya tafi, na lura ko shayinsa bai ƙarasa ba.

Abu na farko da yake bukata shi ne batir mai rauni, don na tocilan ɗin Gwaggo sun riga sun mutu murus. Ya tafi kasuwar Dembe, layin 'yan gwanjo, ya tsaya gaban teburin wani Salihu mai sayar da tocila da batir.

"Batir nake so."

Salihu ya miƙo sababbi a leda.

"Ba sabo ba."

"To matacce? Ga su can a kwali, ɗebi kyauta."

"Ba matacce ba. Wanda ke jinya nake so. Yana da rai, amma ba zai kai gobe ba."

Salihu ya ajiye ledar, ya leƙa fuskarsa. "Malam, asiri za ka haɗa?"

"Aikin kiɗa ne, ba za ka gane ba."

"Wallahi ban gane ba. Shekara da shekaru ina wannan sana'a, kowa ƙorafinsa batir ya yi rauni. Yau ga wanda ke ƙorafin ya yi ƙarfi." Ya juya ya ƙwala wa maƙwabtansa kira da Larabci, su zo su ga mai sayen batir mara lafiya.

Kafin ka ce me, layin ya cika. Wannan ya zazzage rediyonsa, wancan ya kwance tocilarsa, wata mai tuyar ƙosai ta aika gida a kwaso na ƙarƙashin gado. Kowa yana rantsuwa nasa ya fi jin jiki. Abdulgani yana tsakiya yana gwadawa ɗaya bayan ɗaya a rakoda, yana kasa kunne, yana cewa wannan ya cika lafiya, wannan kuma an riga an yi masa sallah. Da ƙyar ya fice, aljihuna sun yi nauyi, wasu na bin sa da buhu har bakin titi. A hanyar fita ya tsaya ya sayi wata baƙar kwat ta gwanjo, ta ranar buɗewa.

Abu na biyu shi ne Gwaggo ta yi faɗa. Wannan kam ya ɗauka shi ne mai sauƙi, tunda mace ce da ke faɗa da kaza in ta kalle ta. Abin da ya manta shi ne, don ya samu sararin shan fura, ya riga ya gaya mata an ba shi aikin rediyo, har da ofis. Tun daga ran nan Gwaggo ta sauya. Ya ɓoye rakoda a cikin kwandon wanki kusa da turmi, ya jira suka fara lugude, ya zo ya yi tuntuɓe da ƙwaryar nono da gangan.

"Sannu, ɗan nan, ba ka ji ciwo ba ko?" in ji Gwaggo. "Ramatou, kawar da kayan nan daga hanyar ma'aikaci."

Washegari ya kwance akuya ya kora ta kan geron da aka shanya. Gwaggo ta bi akuyar da muciya har waje, ta dawo tana haki tana ba shi haƙuri, wai hayaniya ta hana shi nazari. Ya ce mata furar jiya ta yi tsami. Ta ɗanɗana ta ce gaskiyarsa, harshen 'yan rediyo daban ne. Ya koma ɗaki kamar ya yi kuka. Tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa marmarin zagi irin na makon nan ba.

Daga ƙarshe ya yi ta maza. Suna cikin daka ya tsaya a kanta ya ce, "Gwaggo, gaskiya furar Maiturare ta bayan masallaci ta fi taki."

Taɓarya ta tsaya a sama. Ramatou ta ja da baya. Abdulgani ya saci kallon kwando, zuciyarsa fari ƙal, ga shi nan za a fara. Gwaggo Hansai ta dube shi tun daga hula har silifa, ta jingina taɓaryar da bango, ta shige ɗaki ta saki labule. Abin da kaset ya ɗauka ran nan shi ne kukan kaza da tarin Ramatou. Shi kuma ya wuni ya kwana ba fura ba tuwo, sai da ya durƙusa ya ce shaiɗan ne.

Da ya ga Birgita ta ƙi waƙa sai ya ce bari ya nemo sabon sauti a wani wurin. Ya hau taksi zuwa Farsha, ya shiga mayanka da rakoda a hammata, wai zai ɗauki kukan shanu da ƙarar wuƙaƙe. Mahauta suka ce ya tsaya daga nesa. Ya ce su ba su san aikin ɗaukar sauti ba, dole makirfo ya kusanci baki. Ya kusanta shi da bakin wani jan bijimi, bijimin kuwa ya ɗauke shi da ƙaho. Waɗanda suka gani sun ce bai taɓa ƙasa sosai ba tsakanin turke da kwatar da ake zubar da ruwan tumbi, kuma a cikin kwatar ya ƙare, hannu ɗaya a sama yana kare rakoda. Mai taksi ya ƙi ɗaukarsa, da ƙafa ya dawo, ƙudaje na yi masa rakiya. Da ya kunna abin da ya ɗauko, ba saniya ko ɗaya a ciki. Muryarsa ce kawai, siririya, tana kiran Gwaggo.

Ran nan da yamma ya iso majalisa yana ɗingishi, ya zauna, ya rufe fuska da tafin hannu.

"Lafiya?" muka ce.

"Birgita," ya ce. "Allah ya yi mata rasuwa."

Mai shayi ya rage wutar gawayi.

"Garin yaya?" in ji Boubacar.

"Babur. Ta sha ta yi tatil, ta hau babur, ta shiga kogi. Sabuwar waƙar tana aljihunta, tare suka nitse."

"Kai kuma mi ya samu ƙafarka?"

"Da na ji labarin ne na faɗi."

Har Alhaji Abdussamad sai da ya aiko a yi masa gaisuwa. Ya ce ba komai, a sa tsohuwar waƙar ranar buɗewa, ta zama ta tunawa da marigayiya. Abdulgani ya share hawaye, ya nemi a ƙara masa sukari.

Ranar Asabar bayan la'asar aka kafa rumfa a ƙofar gidan rediyon. Dillalan shanu a gaba cikin manyan riguna, mu 'yan majalisa a gefe, mata a baya. A tsakiyar matan ga Gwaggo Hansai cikin atamfarta ta sallah, ta gayyato rabin layinsu su zo su ga ɗanta ya kama aiki. Kawu Waliyyullahi ma ya rufe shago ya zo, ya tsaya can baya ya harɗe hannuwa.

Boubacar ya fara. Ya sa wani faifai na wasu samari 'yan Liyon, ya ba da labarinsu a taƙaice, aka tafa masa daidai gwargwado. Sai Abdulgani ya hau, cikin baƙar kwat, rana na dukansa yana naso. Ya riƙe makirfo da yatsu biyu. Ya ba da tarihin Birgita kaf, bai rage komai ba: jan gashin, auren ukun, gidan yarin, tabar, kwalbar, baburin. Da ya zo kan Ba'afirken da ta mutu da sonsa sai ya yi shiru ya dubi sama, ya bar mutane su ƙarasa da kansu. Na hango Gwaggo tana girgiza kai tana ce wa ta kusa da ita, "Allah ya raba mu da irin wannan 'ya." Ya nemi jama'a su miƙe a yi shiru na minti guda irin na Turawa. Dillalan shanu suka miƙe suna gyara riguna, ba su san ko wace ce ba.

Ana cikin shirun aka ɗauke wuta. Aka ja janareto, ya yi tari ya mutu. Aka sake ja, igiyar ta tsinke. Alhaji ya ce to a ɗaga sauran zuwa gobe, Boubacar ya ce shi bai ƙi ba. Da Abdulgani ya yi shiru a nan, da yanzu wani labarin nake ba ku.

"Alhaji, ƙwararre ba ya jiran wuta," ya ce. "Masu faifai su ne ke jira. Ni da shirina nake yawo."

Da shirinsa kuwa. Da safe ya zuba sababbin batir a aljihun dama na kwat, ragowar na Dembe kuma suna aljihun hagu tun ranar da ya sayo su. Ya cusa hannu a dama, ba komai. Ya cusa a hagu, ba komai. Kwat ɗin gwanjo ce, aljihunan duk a yage suke ta ciki, batiran sun zurare sun haɗu a gindin shafi suna ƙwanƙwasar juna. Ya tura hannu har gwiwa yana lalube, yana murmushi ga jama'a, ya zaro guda-guda. Duk kamarsu ɗaya. Ya cusa waɗanda suka fara zuwa hannu. Aka kawo lasifikar mai shela wadda ke aiki da batirin mota, aka kanga a bakin rakoda.

Ya danna. Duf-duf-duf ya tashi, Birgita ta tsala muryarta. Batir in ya huta yakan yi ɗan kuzarin ƙarya. Samari suka fara gyaɗa kai, wani dillali ma ya ɗan motsa kafaɗa. Abdulgani ya lumshe ido yana kaɗa hannu kamar mai ba da umarni.

Sai gangar ta fara ja da baya. Duf, duf. Muryar ta fara kauri.

"Nan ne wurin baƙin cikin," in ji Abdulgani da ƙarfi. "Da gangan suka yi shi haka."

Gangar ta ƙara sanyi, har ta koma wani sauti da duk macen da ke wurin ta sani tun tana goye. Wata daga baya ta ce, "Wannan ai daka ne." Ramatou ta dafe baki. Muryar ta sauko, ta sauko, ta zauna daram a inda Allah ya ajiye ta, sai ga Hausa garau tana fita ta lasifika har tsallaken titi:

"...ƙato da kai, gemu har wuya, ko ƙwaryar da ka sha fura ba ka iya wankewa. Ka kwashe min batirin tocila na fita alwala na taka kwaɗo. Kana gaya wa mutane kana da abokai a Turai, kai da ko gadar Kusseri sai da aka riƙe maka hannu..."

Abdulgani ya kai hannu zai kashe. Alhaji Abdussamad ya riƙe masa wuyan hannu, irin riƙon da yake yi wa igiyar sa.

"Bar marigayiya ta gama," ya ce.

Daidai nan aka iso wurin da muryar ke tashi, wurin jirgin ƙasa da rashin barci.

"...Rediyo? Abdulgani, rediyo? Wane mahaukaci ne zai ba ka rediyo? Ni ko akuya ba zan ba ka kiwo ba!"

Batiran suka mutu. Shirun da ya biyo baya ya fi na minti gudan nan tsawo. Sannan wani dillali ya fashe, rumfa ta ɗauka, har mai riƙe da lasifika sai da ya zauna a ƙasa.

Gwaggo Hansai ba ta yi dariya ba. Ta miƙe, ta ɗaure mayafi a ƙugu, mata suka buɗa mata hanya. Ta tako har gaban rumfa.

"Ni ce mai jan gashin?"

"Gwaggo, bari in yi miki bayani..."

"Aurena uku? Ni da na zauna da Malam shi kaɗai har ƙasa ta rufe masa ido?"

"Salon talla ne, Gwaggo, haka ake yi a Turai."

"Na sha na yi tatil. Na hau babur." Ta juya wajen matan layinsu. "Kun ji, wai na mutu. Har na miƙe tsaye na yi wa kaina shiru." Ta sake juyowa. "Wane ne kuma Ba'afirken da nake so?"

Abdulgani ya dubi Boubacar, ya dubi Alhaji, ya dubi hanya. Ya zaɓi hanya. Ya zabura, gindin kwat ya yage, batiran Dembe suka watse a ƙasa, ya taka su, suka tafi da shi. Faɗuwar ba ta kai ta Farsha ba, amma ta fi ta 'yan kallo.

Alhaji ya share hawayen dariya da bakin rawani ya ce, "Hajiya, kin tambaya wane mahaukaci ne. To wallahi saura kaɗan ya zama ni." Ya ɗauki makirfo ya miƙa wa Boubacar. Gwaggo kuwa ta zare kaset ɗin daga rakoda ta ɗora a hannun Boubacar ta ce ya riƙa sawa, tunda muryarta ce, ita ta ba shi.

Boubacar bai yi wasa da kyautar ba. Da ita yake buɗe shirinsa. Sai ya sake ta da gudu, duf-duf-duf, samari na rawa a shaguna, sannan ya sassauto da ita a hankali har ta iso kan "Abdulgani, rediyo?", daga nan ya yi sallama ga masu sauraro. Gwaggo ta ƙara turmi na biyu, don yanzu har daga Dembe ake zuwa sayen furar Birgita.

Ran wata Asabar, an fara yayyafin farko, na biya ta shagon Kawu Waliyyullahi. Abdulgani yana zaune a tsakiyar robobi, Kawu ya ƙure ƙarar rediyo kamar yadda yake yi duk mako. Sunan ya fito, ya cika layin. Abdulgani ya ɗago ya dube ni, ya ɗaga yatsa.

"Na ce muku kafin damina za a riƙa jin sunana duk Asabar, ko ban ce ba?"

"Ka ce," in ji Kawu. "Miƙo wa matar nan baho."